Na'urar jin Baba ta ƙi haɗuwa da wayarsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun saya wa mahaifinmu na'urar taimaka wa ji, a kwalinta an rubuta Bluetooth. Tana haɗuwa da iPhone ɗin yayana, amma wayar Baba ta Android ko ganinta ba ta yi. A iPhone ɗin ma murya na yankewa, batir kuma ba ya wuce kwana huɗu. Ko jabu aka sayar mana? Daga wani mai karatu a Azare, Jihar Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Da wuya a ce jabu ce, tunda ta kama iPhone. Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne, Bluetooth na waɗannan na'urori iri-iri ne.

Batirin na'urar ji bai fi ƙwayar magani girma ba, Bluetooth na yau da kullum kuwa yana da cin wuta. Shi ya sa Apple ya fito da tasa hanyar mai suna Made for iPhone, na'urorin farko suka shigo kasuwa a 2014. Google ya biyo da tasa, ASHA, tare da Android 10 a 2019. Sai dai kasancewar waya Android 10 ko sama bai isa ba, dole kamfanin da ya ƙera ta ya sa tsarin a ciki, kuma wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ba su da shi. Kamfanin Phonak ya tsaya kan Bluetooth na gama-gari, don haka nasa kan kama har ƙaramar waya mai maɓallai, in dai tana da Bluetooth. Sabon tsarin Bluetooth mai suna LE Audio kuwa ba ya aiki sai waya da na'ura duk suna da shi.

Kafin ku yanke hukunci, ku gwada haka. Yayanka ya kashe Bluetooth ɗin wayarsa, don na'urar na komawa wurin wadda ta saba da ita. Ku sauke manhajar kamfanin da ya ƙera na'urar a wayar Baba. Ku buɗe murfin batirin kowane kunne, ku rufe. A yawancin samfura daga nan kuna da kamar minti 3 na haɗawa. Wayar ta kasance dab da su, kuma dama da hagu duk su bayyana. Idan an yi haka sau biyu shiru, ku duba jerin wayoyin da kamfanin ya amince da su a shafinsa. In babu ta Baba, akwai 'yar na'urar tsakani da ake maƙalawa a wuyan riga, ita ke karɓa daga waya ta miƙa wa kunne. Dole ta zama ta kamfani ɗaya da na'urar.

Yankewar murya kuwa, galibi aljihu ne. Siginar tana tafiya a zangon 2.4 GHz, ruwan jikin mutum kuma yana shanye ta. Nisan mita 10 da ake cewa Bluetooth na kaiwa a fili ne, inda ba shamaki. Waya a aljihun gefe, ƙarƙashin babbar riga, sai siginar ta ratsa jiki kafin ta kai ɗaya kunnen. A mayar da ita aljihun ƙirji.

In batirinku lamba 312 ne, mai tambarin ruwan ƙasa, kwana huɗu ba abin tashin hankali ba ne ga mai sauraron rediyo ko tafsiri ta waya. Batirin yana aiki ne da iska. In an ɓare takardar bayansa, a jira minti ɗaya zuwa biyu iska ta shiga kafin a saka, kuma daga lokacin ya fara ƙarewa ko ana amfani da shi ko ba a yi, don haka kada a ɓare na gobe yau. Busasshiyar iskar hunturu na rage masa kwana. In ya yi rauni, sauti daga waya ne ke fara tsinkewa alhali na'urar na ci gaba da ƙara murya, sai a ɗauka Bluetooth ne ya lalace. Da dare a bar murfin a buɗe, kuma Baba ya riƙa cire ta kafin alwala.