Marubucin waƙoƙin da ba ya karanta rubutun kiɗa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne a Jos, ina rubuta waƙoƙi ina sayar wa masu shirya fim, amma ban san rubutun kiɗa irin na Turawa ba. Wani abokina da ya yi karatun fim ya ce muddin ban koya ba, babu inda zan je. Sai kuma na ji an ce akwai wani Ba'amurke da ya yi fice wajen rubuta waƙoƙin wasan dandamali da na fim alhali shi ma bai iya ba. Da gaske ne? Ta yaya ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Labarin da ka ji yana da tushe, kuma mutumin shi ne Irving Berlin, sai dai masu ba da labarin sukan tsaya a rabinsa, su bar rabin da ya fi amfani ga mai sana'a irin taka.

An haife shi a 1888 a daular Rasha, cikin wani gida na Yahudawa matalauta, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa New York a 1893. Mahaifinsa mai rera addu'o'i ne a wurin ibadarsu, ya kuma rasu tun yaron bai gama tasawa ba, don haka ya yi tallar jarida, ya yi waƙa a bakin titi, daga baya ya samu aikin kai abinci a wani gidan shaƙatawa inda ake son ma'aikaci ya riƙa yi wa baƙi waƙa. A can ya koya wa kansa fiyano da daddare bayan an tashi. Waƙarsa ta farko da aka buga ta fito a 1907, abin da ya samu a kanta kuwa ko rabin dala bai kai ba. Shekara huɗu bayan nan, a 1911, "Alexander's Ragtime Band" ta fito, sunansa ya kai har Turai.

Batun fiyanon nan shi ne asalin maganar da ka ji. Berlin ya saba da baƙaƙen maɓallai, kusan duk abin da zai kaɗa a bigire ɗaya yake kaɗa shi, saboda haka ya yi amfani da wani fiyano mai ɗan hannu da ake juyawa, wanda ke ɗaga sautin ko ya saukar da shi ba tare da yatsunsa sun sauya wuri ba. Aikin da wannan hannu yake yi shi ne wanda wani maɓalli ɗaya yake yi a fiyanon kowane situdiyo a Jos yau. Idan karin waƙa ya zauna masa, sai ya kira wani masanin kiɗa da ya ɗauka aiki, ya rera masa, shi kuma ya rubuta. Wanda ya fi daɗewa yana yi masa wannan hidima shi ne Helmy Kresa. Mu wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, domin marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya bai jira takardar kowa ba. Amma ka lura, Berlin bai raina ilimin ba, kuɗi ya sa ya ajiye mai shi a kusa.

Abin da ya raba shi da dubban marubutan zamaninsa, a ganina, shi ne yadda ya fahimci cewa waƙar wasa ba kamar waƙar da ke tsaye da ƙafarta ba ce. Ita ana ɗinka ta ne daidai jikin wanda zai rera ta da kuma daidai wurin da za ta faɗo a cikin labari. Tun 1914 ya rubuta dukkan waƙoƙin wasan "Watch Your Step" a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan dandamali ta New York, a 1921 kuma shi da Sam Harris suka buɗe nasu gidan wasan mai suna Music Box. Da fim mai magana ya zo, waƙarsa "Blue Skies" tana cikin waɗanda Al Jolson ya rera a "The Jazz Singer" na 1927. A fim ɗin "Top Hat" na 1935 ya rubuta wa Fred Astaire, mutumin da muryarsa ba mai ƙarfi ba ce amma ƙafarsa ba ta da na biyu, waƙoƙin da ke tafiya da rawa. Da marubucin kiɗa Jerome Kern ya rasu a 1945 kuwa, kafin ya fara aikin wasan "Annie Get Your Gun" da aka fara nunawa a 1946, aka miƙa wa Berlin, ya rubuta wa Ethel Merman, mai muryar da ke cika ɗaki ba lasifika, waƙoƙin da suka sa aka nuna wasan sau 1,147. Alƙalami ɗaya ne, amma ba za ka ɗauki waƙar wannan ka ba wancan ta zauna ba. A nan ne finafinanmu da yawa suke da rauni, domin sau da yawa waƙar tana hannu tun kafin a rubuta labari, sai daga baya a nemi inda za a cusa ta.

Yana kuma da haƙurin ajiya. "God Bless America" ya rubuta ta a 1918 lokacin da yake soja, ya ga ba ta dace da wasan da yake shiryawa ba, ya ajiye ta shekara 20, sai a 1938 ya gyara ta ya ba Kate Smith. "White Christmas", wadda Bing Crosby ya rera a fim ɗin "Holiday Inn" na 1942, ita ta ba shi kyautar Oscar.

Sai rabin da na ce ana bari, wato haƙƙin mallaka. Ka ce sayar da waƙoƙinka kake yi, kuma wannan ya fi damuna a kan rashin sanin rubutun kiɗa. Berlin ya kafa kamfanin buga waƙoƙinsa da kansa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ASCAP a 1914, wadda ke karɓar kuɗi a madadin marubuta duk inda aka yi amfani da waƙarsu a bainar jama'a. A yarjejeniyar "Top Hat" ya riƙe mallakar waƙoƙin, ya kuma sharɗanta kaso daga ribar fim ɗin. Domin waƙoƙin nasa ne ya sa ya iya ba matarsa Ellin Mackay haƙƙin waƙar "Always" kyauta, ya kuma sadaukar da kuɗin "God Bless America" ga ƙungiyoyin sikawut na yara maza da mata. Wanda ya karɓi 'yan kuɗi a situdiyo ya sallama komai da fatar baki, ba shi da abin da zai ba kowa.

Saboda haka, idan ka samu damar koyon rubutun kiɗa ka koya, zai sauƙaƙa maka magana da makaɗa, abokinka bai yi ƙarya ba ta wannan fuska. Amma kafin nan, duk waƙar da za ka ba furodusa a rubuta a takarda ko izinin amfani da ita ka ba shi a fim ɗaya, ko kuwa ka sayar masa da ita ɗungurungum, da sunan wa za ta fita, da kuma wanda zai ci kuɗinta idan aka ɗora ta a YouTube. Ka riƙa ajiye rubutunka da muryar farko da ka naɗa a waya. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, mai hedikwata a Abuja, tana da tsarin yi wa aiki rajista, dokar ƙasar nan kuma tana kare waƙa tsawon rayuwar marubucinta da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa.

Berlin bai samu wannan tsawon wa'adi a kan waƙoƙinsa na farko ba. Sabon wasansa na ƙarshe, "Mr. President", ya fito a 1962, daga nan ya janye jiki daga idon jama'a. Ya rasu a 1989 yana da shekara 101, bayan wa'adin shekara 75 da dokar Amurka ta ba "Alexander's Ragtime Band" ya ƙare a kan idonsa.