Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Motocin Amurka, Kallonsu da Sayensu

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a birnin Columbus na jihar Ohio. Tun da sanyi ya wuce nake ganin wasu dogayen motoci na da an ajiye su a bakin titi da gidajen mai, suna ta ƙyalli. Suna burge ni, amma ban iya bambanta su ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗana, ka yi dace da wuri. Masu irin waɗannan motoci suna kulle su duk lokacin sanyi saboda gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, wanda ke cinye ƙarfen mota. Da zafi ya shigo sai su fito da su.

Ka fara da bayan mota, domin a nan kamfanonin wancan zamani suka fi nuna gwaninta. Idan ka ga fukafukai biyu masu tsini sun miƙe sama sosai, kowane da danja biyu masu siffar harsashi, Cadillac ce ta 1959. Chevrolet Bel Air ta 1957 ma tana da fukafuki, amma bai kai wancan tsayi ba. Danja uku a jere a kowane gefe alamar Chevrolet Impala ce ta farkon shekarun 1960. 'Yan uwanta masu araha, Bel Air da Biscayne, biyu-biyu gare su. Ford Mustang, wadda aka fara nunawa a New York ranar 17 ga Afrilu 1964, tana da doki a guje a gabanta. Idan kuwa Allah ya haɗa ka da Corvette mai gilashin baya da aka raba biyu, ka tsaya ka kalle ta da kyau, domin a 1963 kaɗai aka yi ta haka.

Wajen gane shekara, fitilun gaba huɗu sun yaɗu ne daga 1958, ƙananan fitilun gefe kuma doka ta wajabta su daga 1968. Da waɗannan biyun kaɗai za ka riƙa cankar zamanin mota. Kuma a ranar Asabar ta uku ta watan Agusta ka yi ƙoƙari ka je titin Woodward da ke yankin Detroit, inda dubban masu tsofaffin motoci ke jerin gwano kowace shekara. Kallo kyauta ne. Abu ɗaya kawai: kada ka taɓa, kada ka jingina da motar mutane, kuma ka nemi izini kafin ka leƙa ciki.

Tambaya: Mun yi musu da abokina har mun sa kuɗi. Tsakanin Mustang da Camaro wace ta fi gudu?

Amsa: Ta wace shekara? Mai wane inji? Kowace an yi ta da ƙaramin inji mai silinda shida, an kuma yi ta da manya masu takwas. Tambayar ba ta da kai. Ku mayar da kuɗinku aljihu, caca ba ta dace da ku ba.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kaduna. Na ga Pontiac GTO ta 1967 a Facebook, ja, kamar yau aka ƙera ta. Mai ita ya ce yana Amurka, gaggawa ce ta sa zai sayar da araha, in tura dala dubu uku kafin alƙalami zuwa jibi, shi zai ɗora min ita a jirgin ruwa. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, kada ka tura ko sisi. Zan tsaya a kan wasiƙarka, domin wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kai da ba za ka sayi buhun shinkafa ba sai ka sa an buɗe ka damƙa ka gani, yaya za a yi ka aika miliyoyin naira ga mutumin da ba ka taɓa gani ba, a kan motar da hotonta kawai ka sani? Araha, gaggawa da kafin alƙalami, idan suka haɗu a talla ɗaya, damfara ce har sai an tabbatar da akasin haka. Hotunan nan sau da yawa kwaso su ake yi daga tallar wani.

Mu ɗauka ma motar tana nan. Har yanzu da sauran rina a kaba, domin GTO na cikin motocin da aka fi yi wa jabu. Jikinta kusan ɗaya ne da na Pontiac LeMans da Tempest, waɗanda ba su kai ta daraja ba. Sai mutum ya sayi LeMans, ya sayo tambarin GTO da murfin injinta, domin duk ana ƙera sababbinsu ana sayarwa, ya liƙa, ya fesa fenti, kuɗi su ninka. Haka ake yi wa Chevrolet mai tambarin SS, haka ake mayar da Mustang gama-gari ta zama Shelby, wato samfurinta mai tsada. Tambari ba ya zama shaida. Shaida tana jikin lambar shasi, wato wadda masana'anta ta buga wa motar: GTO ta 1966 zuwa 1971 lambarta tana farawa da 242, ta LeMans ta 1967 kuwa da 237. A Mustang ta 1965, harafi na biyar ne ke faɗin injin da ta fito da shi daga masana'anta. T na mai silinda shida ne, K kuma na wani ƙaƙƙarfan inji mai silinda takwas ne da ake rububi. Sai dai ita ma farantin lambar ana cire ta a sauya, kuma tsarin lamba mai gurbi 17 da ake bincikawa a intanet bai fara aiki ba sai 1981, don haka motar 1967 ba za ta ba ka cikakken tarihi ta wannan hanya ba. Shi ya sa masu saye na gaske ke neman takardun masana'anta, irin na Pontiac Historic Services ga Pontiac, ko rahoton Marti ga motocin Ford daga 1967, sannan su biya ƙwararre mai zaman kansa ya je ya duba motar ido da ido.

Ƙyallin fenti ma kada ya ruɗe ka. Ƙarƙashinsa ake ɓoye tsatsa da bodi fila. Mai dubawa yakan bi jikin motar da ƙaramin maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa to an cike wurin ne. Yakan ɗaga kafet ya ga ƙasan mota, ya buɗe but, ya shiga ƙarƙashi. Mitar tafiyarta kuma lamba biyar gare ta, idan ta kai mil 99,999 sai ta koma sifili, don haka "ba ta yi tafiya ba" magana ce kawai.

To a ce ta gaske ce, ka biya, an ɗora. Ka tambayi wakilin kwastam mai lasisi tukuna, domin dokar shigo da motoci ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, kuma wannan ta haura hamsin. Idan ta iso, injinta zai sha lita ɗaya a kilomita biyar ko shida, ka kuma san inda farashin mai ya kai tun da aka janye tallafi a Mayun 2023. Notinanta da ma'aunin inci aka yi su, sifanonin bakanikenka kuwa na milimita ne. Kayan gyaranta ba irin na Peugeot 504 ba ne da aka haɗa a nan Kaduna, wanda za ka samu a Panteka kafin azahar. Komai ƙanƙantarsa sai an yi odarsa da dala. Ƙarshenta a gaji a ɗora mata injin Toyota, kamar yadda direbobin Havana a Kuba suka daɗe suna ɗora wa tsofaffin Chevrolet ɗinsu injin dizal don dole. Su sana'a suke yi da su, amma kai darajar da ka biya kuɗi dominta ta tafi ke nan. Idan sha'awar ta yi maka yawa, ka bari sai ka je da ƙafarka, ko ka wakilta ɗan uwan da ka yarda da shi.

Tambaya: Zan iya zuwa aiki da irin wannan mota kullum?

Amsa: A'a. Yawancinsu birkin ganga gare su, babu jakar iska, waɗanda suka girmi 1968 ma wasu ba su da cikakken bel. Motar fita ce ta ranar hutu, a hankali, a hanya mai kyau.

Tambaya: Baba, mahaifinmu ya rasu bara, ya bar wata tsohuwar Chevrolet a gareji a Zariya, ta fi shekara ashirin ba a tashe ta ba. 'Yan gwangwan sun yi tayi, yayyena suna son a ba su. Ni kuwa duk sanda na gan ta sai in tuna shi. Ina tsoron a cuce mu, ina kuma tsoron in zama mai kawo rigima.

Amsa: 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ki kwantar da hankalinki, neman a san darajar abu kafin a sayar ba rigima ba ce. Motar nan gado ce, kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta, kuma kiyaye haƙƙin kowa shi ne a ƙimanta ta da gaskiya. Ki faɗa wa yayyenki haka cikin ladabi, ki roƙi a ba ki wata ɗaya ko biyu.

A wannan lokaci kada kowa ya ɗaura mata batir ya ce zai gwada tashinta. Man da ya kwana shekaru a ciki zai iya lalata injin. Kada a yi mata fenti, kada a cire tambari ko fitila ko sitiyari, domin masu neman irinta sun fi son ta yadda take. Ki nemo takardunta, ki ɗauki hotonta ta kowane gefe, da na farantin lamba a jikin ƙofar direba ko gindin gilashin gaba, da na wanda ke ƙarƙashin murfin inji. Da su za a gane sunanta da shekararta.

Ba zan sa miki dogon buri ba: mai ƙofa huɗu ba ta kai mai ƙofa biyu kuɗi ba, kuma idan tsatsa ta ci ƙasanta farashin zai faɗi sosai. Amma ko a hakan, gilashinta da bambarta da tambarinta sun fi abin da mai awon kilo zai bayar. Ku ji tayin mutum uku aƙalla, a gaban wani babba na gidanku. Idan kuma zuciyarki ba za ta iya rabuwa da ita ba, a yi mata kuɗi, ki biya 'yan uwanki rabonsu, ko a lissafa ta cikin naki kason.