Amsoshin Tambayoyinku: Bencin Ƙarfe na Turawan Da

Wani Alhaji daga Abuja ya rubuto cewa dillali ya nuna masa bencin ƙarfe mai zanen ganye, wai na zamanin Sarauniya Biktoriya ne daga Ingila, kuɗinsa ya tasar wa na sabon babur. Yana tambaya ko ya saya.

Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Ban ga laifinka ba don ya burge ka, kayan suna da kyau. Kamfanin Coalbrookdale da ke Shropshire a Ingila ne ya yi suna wajen zuba irin waɗannan kujeru na lambu a ƙarni na 19, kuma samfurinsa mai ganyen daji da 'ya'yan itace, wanda aka yi wa rajista a 1858, har yau ana rububinsa. Matsalar ke nan. Abin da ake rububi shi ake yi wa jabu, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwa sabon zubi ne aka bar shi a ruwa ya yi tsatsa don ya yi kama da tsoho.

Tafi da maganaɗisu a aljihu. In bai kama ba, alminiyam ne, magana ta ƙare. In ya kama, kada ka yi murna da wuri, don ana zuba jabun da ƙarfe ma. Sai ka tsuguna ka dubi ganyen. A na asali, jijiyar kowane ganye a fili take. Na jabu daga jikin wani bencin aka kwafo shi, shi ya sa zanen ke fitowa a dushe kamar kwabon da ya sha hannu. Kayan da aka yi wa rajista a Ingila tsakanin 1842 da 1883 suna ɗauke da wani hatimi mai kusurwa huɗu, da haruffa da lambobi a ciki, amma shi ma ana kwafarsa, don haka hatimi kaɗai ba shaida ba ne. Dubi ƙafafu da kyau ko akwai tsaga a ƙarƙashin fenti. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma ba kowane mai walda ne ya iya ɗinke shi ba. Abin da ke ba ni haushi, mutum zai yi rabin awa yana ciniki a kan buhun shinkafa, amma da an ce masa "kayan Turawa ne" sai ya zaro kuɗi ko taya bai yi ba. In zanen kake so, ba tarihin ba, sayi sabon a matsayinsa na sabo, a farashin sabo.

Wata Hajiya daga Kaduna ta ce marigayi maigidanta ya bar mata irin wannan benci, fentinsa na ɓarewa, jikoki kuma a kai suke wasa. Tana tsoron ya lalace a hannunta.

Allah ya jiƙansa, Hajiya. Kwantar da hankalinki, tsatsar sama ba ta cinye ƙarfe mai kauri da wuri. Jikokin na fi jiye wa. Tsohon fenti sau da yawa yana da dalma, kuma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010 mun san illar gubar dalma ga yara. Ki hana su hawa har a gyara. Mai gyaran ya jiƙa shi kafin ya kankare don kada ƙura ta tashi, ya kwashe ɓawon ya kai nesa, ya shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, sannan fentin mai. A ɗora ƙafafun a kan siminti, ba a kan ƙasa ba, saboda damina. In mazaunin katako ne, a duba ko gara ta shiga.

Wani ango daga Sakkwato yana so ya san ko baƙin fenti ya fi fitowa a hoto in an ajiye bencin a tsakiyar fili.

Ɗana, baƙin ƙarfe a tsakiyar rana a Sakkwato, cikin watan Afrilu? Wa zai zauna? Kai shi gindin darbejiya, ka shafa masa launin da amarya ta zaɓa.