Amsa ga ƙanwarmu mai son shiga binciken halayyar yara

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, kin tambaya yadda ɗaliba 'yar aji biyu za ta samu shiga binciken halayyar yara, da irin aikin da za a ba ta. To, ki saurara.

Ko a jami'ar Umaru Musa kike, ko ta Dutsin-Ma, ko FCE, ki nemi malamin da ke koyar da wannan fanni, ki ce kina son taimakawa wajen tattara bayanai. Ki faɗi ranakun da kike da sarari. Kafin ki je, ki ɗan iya Excel da KoboToolbox, wato manhajar tattara bayanai. Ba a barin sabon hannu ya gwada yaro. Shigar da bayanai za ki fara, sai kallon bidiyo kina sa maki. Ku biyu za ku sa, kowa daban, in kappa ɗinku, wato ma'aunin yadda makinku ya zo ɗaya, bai kai kamar 0.7 ba a sake muku horo.

Izini kuma sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, sannan SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, in firamaren gwamnati ce, sannan iyaye. A nan Katsina in mai gida bai sani ba, ana tsakiyar aiki za a janye yaron.

Yanzu ga inda aiki ke lalacewa in kin kai matakin gwada yara. Shekarun yaro da wata ake lissafa su. Ki nemi katin rigakafi, don "ya kai uku" ba ta isa ba. Gwajin ɓoye abu a sauya masa wuri, a tambayi yaro inda wanda bai ga sauyin ba zai neme shi, wajen shekara 4 yara kan fara cinye shi, kin ga ɗan wata 37 da ɗan wata 47 ba ɗaya ba ne.

Sai kunya. Yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru, don Allah kar ki rubuta masa sifili. Ki zauna kan tabarma daidai tsayinsa, ku yi wasa minti 5, ki bar shi ya nuna da yatsa. Uwar ta zauna bayansa, in ba haka ba fuskarta zai riƙa karantawa. A gwajin Piaget, masanin halayyar yara, inda ake juye ruwa a wani kofi a tambayi yaro ko yawansa ya canza, kar ki maimaita tambaya da wata murya, zai zaci ya yi kuskure ya canza amsa. Ki yi gwajin da hantsi, bayan ya karya, na minti 15 zuwa 20. In ya ce ya gaji, shi ke nan.

Af, lamba ake sa wa takarda maimakon suna, kuma ban da ɗora hoton yaro a status. In kin ga alamar jinkirin magana, malaminki za ki gaya wa, shi zai san yadda za a tura su asibiti.