Abin da ke kai mu daji da yara a Maryland

Yaya, ka ce ka ga hotonmu cikin itatuwa da goyo da ƙananan yara, ka tambaya ko mun rasa wurin zuwa ne. Na fahimci tsoronka. A gida yanzu in an ce daji, abin da ke faɗo wa mutum a rai 'yan bindiga ne. Dajin nan kuwa na gwamnatin jiha ne, yana da ƙofa da ma'aikata masu kaki. Ana buɗewa da safe a rufe da faɗuwar rana, kuma 'yan daloli ake biya kan kowace mota.

Sunan wurin Calvert Cliffs, a kudancin jihar Maryland, tafiyar sa'a ɗaya da ɗoriya daga Washington. Daga wurin ajiye motoci ake bin wata siririyar hanya mai jan tambari, kusan kilomita 3, har bakin ruwan Chesapeake. Babu wani hawa mai wahala. Akwai saiwoyi a ƙasa, shi ya sa goyo ya fi keken jarirai. A tsakiya ana ratsa fadama, an shimfiɗa katako a wasu wurare don kada a taka laka, ga kunkuru suna shan hantsi a kan gungume.

Abin da ke sa yara haƙuri da tafiyar yana ƙarshenta. Masana sun ce shekaru miliyan 10 zuwa 20 da suka wuce wannan yanki duk teku ne, don haka ruwa na wanko haƙoran kifin shak da suka zama dutse ya zubar a yashi. An yarda kowa ya tsinta ya tafi da abinsa. Gindin gaɓar mai tsawo ne aka hana zuwa saboda tana zaftarewa, kuma ba ma wasa da wannan doka.

Amma gaskiya ba don haƙora muke zuwa ba, Yaya. Nan babu ƙofar gida da za a shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Gidan Bahaushe mafi kusa da kai sai ka yi tuƙi mai nisa, kowa kuma aiki ya riƙe shi. In aka haɗu a falo, manya na hira, yara na kan waya. A hanyar dajin nan ne kawai nake jin ɗana yana ƙoƙarin mayar wa wata dattijuwa 'yar Damagaram magana da Hausa, don ita ba za ta amsa masa da Turanci ba. Mutanen Nijar da na Zangon Kumasi da mu 'yan Najeriya duk tafe muke tare, sai an zauna cin abinci ake gane wa ya fito daga ina.

Kowane gida na kawo abin da ya sawwaƙa, dambun nama, fanke, zoɓo. Buta da darduma na cikin mota, mu yi azahar a gefen rumfar cin abinci, ba wanda ya taɓa ce mana uffan. Ba a saran ice, ba a barin ko leda ɗaya.

Haɗarin da muke tsoro shi ne kaska. Ƙanana ne ƙwarai, suna kawo cutar da ake kira Lyme, don haka yara na sa dogon wando a cusa cikin safa, in an dawo gida kuma a duba jikinsu da gashinsu kafin su kwanta.