Jam'iyyarmu ta ce babu dokar kalaman ƙiyayya, me ya sa 'yan sanda ke nemana?

Tambaya: Barista, ni manomi ne a wani ƙauye a kudancin Kano, kuma ina cikin shugabannin matasan jam'iyyarmu a mazaɓa. Da aka raba takin zamani na damina, namu bai iso ba. Cikin fushi na tura saƙon murya a zauren WhatsApp na gari, na ce kansila ɓarawo ne, ya karkatar da takin kasuwa. Na kuma ce mutanen unguwarsu dama baƙin haure ne, ranar zaɓe za mu fatattake su. Yanzu ga takardar gayyata daga wajen 'yan sanda. Manyanmu sun ce kada in je, wai jam'iyyarmu ta yaƙi dokar kalaman ƙiyayya har ta mutu. Ina da ikon ƙin zuwa?

Amsa: Malam, ban saurari saƙon da kunnena ba, ban kuma ga takardar ba, don haka abin da zan faɗa ya tsaya ne a kan yadda ka ba da labarin. Amma ka je. Wanda ya ce kada ka je, ba shi zai kwana a bayan kanta ba.

Rabin maganar manyanku gaskiya ne. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na jihar Neja ya gabatar da ƙudirin kafa hukumar hana kalaman ƙiyayya, wanda har hukuncin rataya ya tanada idan kalaman suka jawo asarar rai. A shekarar ce kuma Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo na kafafen sada zumunta. An yi musu ca, kuma babu wanda ya zama doka. Kuskuren shi ne ɗaukar mutuwar ƙudirin a matsayin lasisin faɗin duk abin da ya zo baki. Tun kafin a haife ka akwai dokokin da ke kama irin wannan magana, kuma suna nan daram.

Matsayar jam'iyya kuwa, ko a taron manema labarai aka faɗe ta ko a kundin manufofi aka rubuta, ba hujja ba ce a gaban alƙali. Ba ta ma zama wuri ɗaya. A zamanin APC a tarayya, cikin 2020, aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya a gidajen rediyo da talabijin zuwa Naira miliyan 5. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu TikTok bulala 20 kowannensu da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda ɓata sunan gwamnan wancan lokaci, Abdullahi Ganduje. Sai ga shi a Mayun 2025 gwamnatin Kano, lokacin tana hannun NNPP, ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye a rediyo don taka wa sojojin baka birki. A nawa ganin, kowace jam'iyya mai son 'yancin faɗin albarkacin baki ce matuƙar tana adawa.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ka wannan 'yanci, babu musu. Sai dai sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita shi don zaman lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu. Mutane kan haddace na farkon su tsallake na biyun.

Saƙonka a wurina magana uku ce, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Cewa taki bai iso ba, da tambayar ina ya shiga, wannan haƙƙinka ne. Kansila mai riƙe da amanar jama'a ne, dole ya jure tambaya, kuma gaskiya ban ga birgewa ba a ce wanda aka zaɓa ya amsa zancen taki da takardar 'yan sanda maimakon takardar rabo.

Kiran sa ɓarawo da cewa ya sayar da takin, nan an shiga ɓata suna, wanda sashe na 391 na Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na jihohin Arewa, ya bayyana, na 392 kuma ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka. Galibi a kan haɗa da sashe na 399 na cin mutunci da gangan. Akwai kariya: idan abin da ka faɗa gaskiya ne kuma bayyana shi amfanin jama'a ne, ko ra'ayi ne da ka bayar da zuciya ɗaya a kan yadda yake gudanar da aikinsa. Amma a aikace kai za a nema ka kawo shaida. Ka ga buhunan da idonka a rumfar wani? Akwai wanda ya saya kuma zai yarda ya tsaya a kotu ya rantse? Akwai jerin sunayen rabo da ke nuna buhu nawa aka ware wa mazaɓarku? "Kowa a gari ya sani" ba shaida ba ce. Ranar zaman kotu kowan nan yana gona.

Ta ukun ita ta fi tayar min da hankali, kuma na lura ita ka fi rainawa. Ka kira unguwa guda baƙin haure, ka ce za a fatattake su. Nan babu ruwan taki, babu kuma wata gaskiya da za ta wanke ka. Mai gabatar da ƙara zai iya ɗauko sashe na 114 na tunzura jama'a, ko sashe na 417 na ɓangaren tarayya na Final Kod, wanda ya hana cusa ƙiyayya ga wani rukuni na mutane ta yadda zaman lafiya zai shiga haɗari, ɗaurinsa har shekara uku. Da yake ta waya ka tura, mai yiwuwa a leƙa Dokar Laifukan Intanet ta 2015. An rage faɗin sashe na 24 nata a gyaran 2024, ya koma kan abubuwa irin su saƙon ƙarya da aka tura don hargitsa doka da oda ko barazana ga rai, amma sashe na 26 mai magana kan zagi ko barazana saboda ƙabila ko addini yana nan. Ko zai hau kanka ya danganta da ainihin kalmomin da ka furta da kuma su wane ne mutanen unguwar. Ban ce za a same ka da laifi ba. Na ce akwai abin da za a rubuta a takardar tuhuma.

Zuwa ofishin 'yan sanda abu ne sananne: ka tafi da safe, ba ranar Juma'a ba, da lauya idan da hali, da kuma dattijon da zai tsaya maka. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauya. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a kan bayanin da ba a karanta maka da Hausa ba. Beli kyauta ne a doka, kuma ba a tsare mutum fiye da kwana ɗaya, ko biyu idan babu kotu a cikin kilomita 40, ba tare da an gurfanar da shi ba. Idan babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a a Kano. Kada ka goge saƙon yanzu. Ya riga ya zaga wayoyi, gogewar sai ta ƙara maka zargi. Kada kuma ka ƙara wani.

Shawarata dai a yi sulhu kafin magana ta kai gaban majistare, domin da zarar an karanta tuhuma, ko beli aka bayar, cika sharuɗɗansa kan ɗauki kwanaki, kana gidan gyaran hali ga shuka tana jiran noma. Ɓata suna laifi ne da mai ƙara zai iya yafewa a sasanta. Na tunzura jama'a ba nasa ba ne shi kaɗai, na hukuma ne, ko da yake sau da yawa idan dagaci ko hakimi ya tabbatar gari ya lafa, maganar kan mutu. Ka samu mai unguwa da liman su kai ka wajen dagaci, a kira kansila da dattawan waccan unguwar. Ka ba su haƙuri a kan zancen baƙin haure ba tare da kwana-kwana ba, a zauren da ka yi maganar, da muryarka. Kalmar ɓarawo ka janye ta idan ba ka da shaida. Amma kada ka yarda a rubuta cewa ka janye ƙorafin taki, kuma a sa lauya ya duba takardar sulhun kafin ka sa hannu, a tabbatar ta ƙunshi janye ƙarar daga wajen 'yan sanda.

Zancen takin kuma ku rubuta shi, ku manoman da abin ya shafa, da sunayenku da yawan buhun da aka yi muku alkawari, ku kai sashen noma na ƙaramar hukuma. Idan aka yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.