Baba Na Da Ciwon Makyarkyata, Laifi Ne Mu Ɗauko Mai Jinya A Gida?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu shekarunsa 71, tsohon malamin firamare ne, shekara biyar kenan da likita ya ce yana da ciwon Fakinson, da farko hannun dama ne kawai ke rawa in yana zaune, yanzu kuwa abin ya yi nisa, tafiya sai da jan ƙafa, wani lokacin ya zo bakin ƙofa ya ƙame kamar an kafe shi, cikin wata biyu ya faɗi sau uku ɗaya ma a banɗaki ne cikin dare. Umma ce ke kula da shi ita ma ga hawan jini ga ciwon gwiwa, ni ina aure a wata unguwa kuma ina koyarwa, Yayanmu yana Abuja, autanmu yana jami'a. Na kawo maganar mu haɗa kuɗi mu ɗauko wanda zai riƙa kula da shi, Yaya ya ce sam, wai mutane za su ce mun gaji da ubanmu, Gwaggo kuma ta ce a kawo yarinya daga ƙauye ta riƙa taya Umma shikenan. Wallahi Anti rannan na tarar da Umma tana kuka a kicin, ta kasa ɗaga shi daga ƙasa sai da ta kira maƙwabta. Laifi ne mu ɗauko mai jinya? In ba laifi ba ne wa za mu ɗauka, nas ko wa, kuma nawa ake biya?

Maman Hanif, Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya ba Baba sauƙi ya sa kaffara ne, Umma kuma Allah ya saka mata da alheri, hoton nan nata tana kuka a kicin ya tsaya min a rai.

Ba laifi ba ne ƙanwata, ko kaɗan. Ki gaya wa Yayanku cikin ladabi, ki ce ya zo ya kwana uku a ɗakin Baba, ya tashi da shi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare, ya yi masa wanka ya sa masa kaya, sannan ku sake zama. Ni na san ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, kunya ce da son Baba, amma wanda ke nesa ba ya ganin nauyin abin. Allah ya hana mu ce wa iyaye ko da "uf" ne, toh mutumin da ya yi wata shida bai samu barcin kirki ba shi ne ya fi kusa da ya furta ta ba da son ransa ba. Kuma Umma ai ita ma uwa ce, haƙƙinta na kanku, in ta kwanta kun koma jinyar mutum biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin mu zo kan wa za a ɗauka, inaso ki fahimci ciwon kansa, domin shi zai gaya miki irin mutumin da kuke buƙata. Wani likitan Landan James Parkinson ne ya fara bayaninsa a rubuce a 1817, shi ya sa ake kiransa da sunansa, mu nan wasu su ce makyarkyata wasu su ce karkarwa. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin da ke samar da wani sinadari mai suna dofamin a cikin ƙwaƙwalwa suna mutuwa a hankali, shi kuma sinadarin nan shi ke daidaita motsin jiki. Ba sammu ba ne ba shafar aljanu ba, kuma ba a ɗaukarsa, shi ne ciwon da ɗan damben nan Muhammad Ali ya yi fama da shi tun 1984 har ya rasu a 2016. Har yau ba a samo maganin da ke warkar da shi ba, amma akwai mai rage alamomin sosai, babbansu lebodofa, za ki gan shi da sunan Sinemet ko Madopar. Ciwo ne mai ƙaruwa, yadda Baba yake bana ba haka zai kasance nan da shekara biyu ba, don haka duk tsarin da za ku yi ku yi shi da sanin za a riƙa ƙara masa.

Maganar Gwaggo ta yarinyar ƙauye kam ki ajiye ta gefe. Yarinya 'yar shekara 12 ko 13 ba za ta iya tare babban mutum in zai faɗi ba, su biyun za su zube, ba ta iya karanta sunan magani ba, kuma ita kanta an zalunce ta, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana ɗaukar yaro aikatau a gidan da ba nasu ba. Sannan Baba namiji ne dattijo, malami mai mutunci, wanka da tsarki da kama ruwa namiji ɗan'uwansa ya kamata ya yi masa, in ba haka ba zai riƙa ƙin shan ruwa don kar ya ji fitsari, na ga haka da idona a wajen wani kawuna.

A matakin da Baba yake ba lallai sai nas ba. Nas tana da tsada kuma aikinta ya fi shafar allura, ƙarin ruwa, robar fitsari, wankin gyambo. Ku nemi namiji natsattse mai ƙarfin jiki wanda ya iya karatu da rubutu, in an samu wanda ya gama makarantar koyon aikin lafiya ya fito da takardar CHEW, wato ta ma'aikacin lafiya a matakin farko, ya fi, akwai su da yawa suna zaune ba aiki. Ki tambayi ma'aikatan asibitin da kuke kai shi, musamman sashen gashin ƙashi wato fisiyo, sun san masu irin wannan aikin, ki tambayi limamin unguwa ma. Duk wanda aka kawo ku karɓi lambar NIN ɗinsa, wani ya je ya ga gidansu, ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, mai unguwa ya san da zamansa, in ya ce ya taɓa jinyar wani ku karɓi lambar iyalan ku kira su da kanku.

Amma abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan, wanda za ku ɗauka haƙurinsa da kiyaye lokacinsa kuke saya, sun fi takardarsa muhimmanci. Maganin nan da agogo yake aiki, in likita ya ce ƙarfe 7 da 11 da 3 da 7 toh haka ɗin ne, jinkirin rabin awa kan iya sa jikin Baba ya sandare, kuma ba a tsayar da shi farat ɗaya, yin hakan na da haɗari sosai, ko azumi ne ya zo sai an koma wa likita tukuna. A sa masa alam a waya, a sayi littafi yana rubuta lokacin da aka sha da abin da ya gani. Nama, ƙwai, wake, madara, duk abinci mai furotin yana rage shigar maganin jiki, shi ya sa ake so a sha kamar minti 30 kafin cin abinci ko awa ɗaya bayansa. Kuma ki ja masa kunne kar ya kuskura ya je kemis ya sayo maganin amai ko na sa barci da kansa, irin su Maxolon, Stemetil, Largactil da halofaridol suna toshe dofamin ɗin da ya rage su ƙara rikita ciwon.

Ga inda masu jinya da yawa suke kuskure ba da niyya ba. Da safe za su ga Baba ya tashi da kansa ya yi alwala, da la'asar kuma ya kasa ɗaga cokali, sai su ɗauka da gangan yake yi ko shagwaɓa ce ta tsufa. A'a, ƙarfin maganin ne ke hawa yana sauka. Fuskarsa za ta daina nuna fara'a, muryarsa ta yi ƙasa, amsa ta riƙa jinkiri, amma yana ji yana fahimta, kar a riƙa magana a kansa kamar ba ya wajen. In ya ƙame a bakin ƙofa ba a jan hannunsa, a tsaya a gefensa a ce Baba mu ƙirga, ɗaya biyu ɗaya biyu, ko a manna salatif mai kala a ƙasa ya riƙa tsallakawa, za ki sha mamakin yadda ƙafar ke sakuwa. In zai tashi daga kwance ya fara zama a bakin gado minti ɗaya ko biyu saboda jinin masu ciwon nan kan sauka ya kawo jiri. Abinci a zaune tsaf, loma ƙanana, kar ya kwanta sai bayan rabin awa, in kika ga yana yawan ƙwarewa da ruwa ku gaya wa likita da wuri domin abin da ke zarcewa huhu shi ke kawo nimoniya. Duk wannan ba wanda aka haifa da saninsa, ranar asibiti ku tafi da mai jinyar ya ji daga bakin likita, mai fisiyo ya nuna masa yadda ake ɗaga mutum ba tare da ya karya bayansa ba.

Gidan ma sai an gyara, a kwashe darduma da ledar da bakinta ya ɗago, a sa masan zama a banɗaki da ƙarfen kamawa a bango, fitila mai caji ta kwana a kunne.

Kuɗi kuwa ya danganta da wuni zai yi ko har da kwana. Ku ɗauki mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, a matsayin ma'auni in cikakken aiki ne, mai kwana ya fi haka, ga abinci ga hutun kwana ɗaya a mako, ranar sai ɗayanku ya karɓa. Ku rubuta aikin a takarda, jinyar Baba ce, ba wanke-wanke da cefane da kai yara makaranta ba, in aka jibga masa komai Baba ne zai rasa. Ku fara da gwajin sati biyu, katin ATM da takardun Baba su zauna wajen Umma, mutum ɗaya cikinku ya zama mai biya kuma mai ba da umarni, ki riƙa leƙawa ba sanarwa, ki duba jikin Baba ki tambaye shi a keɓe ya yake ji da yaron. Kuma tun kafin a kawo kowa ku zauna da Baba ku nemi yardarsa, gidansa ne kuma jikinsa ne.

Tambaya:

Anti ina wuni. Kakarmu na da ciwon mantuwa, mun ɗauko wata baiwar Allah bazawara tana kula da ita wata huɗu kenan, yanzu kullum Hajiya sai ta ce matar ta sace mata kuɗi ko zani, matar har ta ce za ta tafi. Mu sallame ta ne?

Wani jika, Zinder

Amsa:

Lafiya lau ɗana, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kar ku yi saurin sallamarta. Zargin sata yana cikin alamomin ciwon mantuwa da aka sani, Hajiya ce ke ɓoye abin a ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla ta manta, in ta nema ta rasa sai hankalinta ya tafi kan wanda ya fi kusa da ita, ko 'yarta ta cikinta ce ke jinyar haka za ta ce. Duk da haka ku bincika a natse sau ɗaya don ku samu natsuwa, ku kwashe gwal da kuɗi masu yawa ku adana, ku bar mata 'yan canji a jakarta. In ta fara kar a yi musu da ita, a ce Hajiya zo mu duba tare, yawanci wuri biyu ko uku ne take ɓoyewa za ku gane su. Ita kuma matar ku zaunar da ita ku ba ta haƙuri a gaban manyan gidan, ku gaya mata kun san ciwo ne, domin ba abin da ya fi ciwo kamar ka wanke wa mutum kashi da safe ya kira ka ɓarawo da yamma. In zargin ya zo da faɗa ko rashin barci, ko kuka ga rikicewar ta ƙaru cikin kwana ɗaya ko biyu, ku kai ta asibiti a duba fitsarinta da jininta, ciwon sanyin mafitsara ko zazzaɓi kan rikita tsofaffi haka.